Ƙafafun Inna A'i

Yamai, Litinin 17 ga Oktoba, 1994

Ƙanwata Rashida,

Za a nuna fim ɗinki a tele ranar Alhamis 10 ga Nuwamba, cikin shirin al'adu na bayan labaru. Aikin jarida ya saba mini da sa babban labari a sama, ki yi haƙuri. Ga gaisuwa.

Ina fata kina lafiya, ke da mai gidanki Mushe Aliyu da ƙaramar Indo, wadda na ji ta fara tafiya tana fasa muku ƙore. Mu nan lafiya, sai masassarar kaka da ta ɗan kwantar da mai gidana Hassane, ya tashi. Ki gaishe da Baba a shago, ki ce masa dabinon ya iso.

Ɗan Talata direba ya kawo mini kaset ɗin tun tsakiyar watan jiya, a naɗe cikin ɗankwali, babu ko layi ɗaya na takarda. Na jira wasiƙa, ba ta zo ba. Sai na koma ga wadda kika rubuto mini da damina, inda kika ce kin gaji da yabon 'yan uwa, kina son jin bakin mutanen da suka san aikin rawa. Na tara miki su a falona ranar Asabar: Barmo, mai shirya shirin al'adu a tele, Salisu, mai horar da 'yan wasan kwaikwayo, da Maryam, wadda ta fi shekara goma tana rawa a dandali. Hassane ya shigo neman makulli, ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama. Na rubuta abin da kowa ya faɗa, ga shi ba ƙari ba ragi.

Rabin farko, inda tsohuwar nan take rawa a tsakar gida mata na kaɗa mata ƙwarya a kan ruwa, babu wanda ya yi magana har ya ƙare. Salisu, wanda ko labaru ba ya iya kallo bai yi sharhi ba, sigarinsa ta cinye a hannunsa. Maryam ta sa na mayar da kaset baya don ta sake ganin yadda tsohuwar take ɗora tafin hannu a ƙugu ta saki gwiwa. Ta ce, "Wannan kaya take saukewa. Ni da aka koya wa rawa a gaban madubi ban taɓa sauke komai ba."

Rabi na biyu, ke da 'yan matan kolej uku a kan tudun rairayi da wandunan motsa jiki, a nan aka yi gardama. Kowa ya yaba da dabarar sa ƙarar injin ban-ruwa a madadin kiɗa. Salisu ya ce ta yi tsawo, kunne ya riga ya gane wasan tun da wuri, sauran hayaniya ce. Maryam ta ce 'yan matan suna ƙirga taku a ransu, leɓunansu na motsi, ke kuma su kike kallo maimakon ki yi taki rawar. Rana tana bayanku, fuskokinku sun yi baƙi ƙirin. Salisu ya rantse da gangan kika yi, don ki nuna 'yan zamani ba su da fuska. Barmo ya ce kuskuren wadda ba ta saba da kamara ba ne. Ki raba musu gardama.

Ga nawa ra'ayin. Rabi na biyu ba ya tsayuwa shi kaɗai. Da na farko a gabansa yana tsayuwa, domin ido yana ɗauke da tsohuwar lokacin da ya ga yaran suna neman takunta suna rasawa. Ko kin nufa ko ba ki nufa ba, a kan wannan rashin fim ɗin ya ginu.

Barmo ya roƙi kaset ɗin a wurin, na ba shi. Yana cikin kwamitin da zai zaɓi mutum biyu da za a tura horon rawa na wata uku a Wagadugu, kuma ya ce aikin da aka nuna a tele shi ake fara dubawa. Shekara nawa kina rubuto mini cewa koya wa yara tsalle a filin kolej zai busar da ke. To, ga ƙofa.

Ki aiko da cikakken sunan tsohuwar da na unguwarsu, za a rubuta a ƙarshen fim.

Yayarki,
Zulai

*

Gure, Asabar 22 ga Oktoba, 1994

Yaya Zulai,

Muna lafiya. Indo tana haƙori, Aliyu ya koma lakwal tun da makarantu suka buɗe, Baba yana amsawa. Allah ya ƙara wa Hassane sauƙi.

Wasiƙarki ta same ni a filin kolej. Na karanta layin farko na zauna a ƙasa a gaban yara.

Yaya, na rubuto miki. Ranar da na ba Ɗan Talata kaset, ranar na jefa wasiƙa a posta, shafi biyu. Ban haɗa su ba don kin san Ɗan Talata: babu ambulan da ke kwana a motarsa bai san cikinsa ba. Da ya karanta cewa ga kaset da namiji ba zai kalla ba, da a Damagaram zai tsaya ya nemi manyeto mai kunna kaset ya tara 'yan tasha. Na ga kaset a ɗankwali ba takarda ya fi tsira, zai ɗauka na biki ne. Ban yi lissafin yajin aikin ma'aikatan posta ba.

Ga abin da ke cikin waccan wasiƙar. Tsohuwar sunanta Inna A'i, ungozoma ce, ita ta karɓi Indo. Matan unguwar bakin kwari suna da abin da suke yi ranar da mai jego ta cika arba'in. A rufe ƙofar gida, a fitar da duk wani namiji, mata su yaye lulluɓi su yi ɗaurin ƙirji, ungozoma ta cire kallabi ta yi wa mai jegon rawar nan. Jaririn ma in namiji ne, sai a juya fuskarsa bango. Abin da kuka kalla a falonki, ranar arba'in ɗina ce. Ni ce zaune a tabarma ta gefen hagu, ba ki gane ni ba don kumburin jego.

Na ari kamara wurin wata malamar likita, na kife turmi na ɗora ta a kai. Matan suka ƙi. Inna A'i ce ta tsaya mini, ta ce musu, "'Yata ce, taku take son koya, abin nan ba zai fita ɗakinta ba. In ya fita, ni ku tambaya." Da bakinta suka saki jiki. Ni kuma na ɗora hannu a kan Indo na ce mata idon namiji ba zai gan shi ba.

Na haɗa rabin nan biyu ne don ke kaɗai. Ina son ki duba ki gaya mini ko nawa takun ya kusa nata, daga nan in cire ta in sa kaina. Na ga ke mace ce, kakarki da kakata ɗaki ɗaya suka fito, fita wurinki kamar bai fita ba ne. Da na ce ina son jin bakin masana, bayan an cire ta nake nufi.

Kin bar Gure kina ƙarama, bari in tuna miki yadda ake kallon tele a nan. Guda ɗaya ce a gidan samari, a kan tebur a fili. Ana idar da sallar isha rabin gari yana gabanta, maza a benci, yara a ƙasa, mata masu sayar da gyaɗa da kunu a baya. Mazan matan nan da ke kaɗa ƙwarya ba lulluɓi suna cikin masu benci. Ban san abin da zai faru a gidajensu ba. Na Inna A'i na sani: babu ɗakin haihuwa da zai sake buɗe mata. Ba ta da miji, ba ta da ɗa a raye, ba ta da gona. Da aikin nan take ci, da shi ake gaishe ta a hanya.

Ba zan iya kiran ki a tarho ba. Na posta a rufe yake, na biron hukuma kuwa a tsakiyar ofis yake cikin ma'aikata, sai ka ɗaga murya ake ji a Yamai, kafin in ajiye gari ya ɗauka.

Ki je wurin Barmo yau. Ki karɓo kaset ɗin. Ki gaya masa duk abin da kika ga dama, ki ce na haukace. Ban gaya wa kowa ba tukuna, har Aliyu. Tun jiya in na ga Inna A'i daga nesa sai in sake hanya.

Don Allah, Yaya.

Rashida

*

Yamai, Jumma'a 28 ga Oktoba, 1994

Ƙanwata,

Lafiya muke, Hassane ya koma aiki. Ki shafa mini kan Indo.

Wasiƙunki biyu sun iso rana ɗaya, Talata: ta hannu da safe, ta posta da yamma, da hatimin 14 ga Satumba a bayanta. Na karanta su a jere. Kaset da ya zo ba bayani, bayani ya kamata in jira. Laifina ne, ba zan cika takarda da shi ba, don ba shi kike bukata ba.

Ga inda muke. Na ga Barmo ranar Laraba, na sake ganinsa jiya. Ba mugu ba ne, kuma bai yi dariya ba. Asalin kaset ɗinki yana hannuna yanzu, na kulle shi. Amma an riga an kwafe fim ɗin a babban kaset na shirin, an haɗa shi da gabatarwa, an buga sunansa a jadawalin wata. In an zare shi, rami na minti goma sha ɗaya zai rage, kuma ba shi da abin cikewa, don tun da aka karya darajar kuɗi ba a fita ɗaukar hoto.

Ya yi mini tambayar da zan maimaita miki, don ni ma ta tsaya mini. Ya ce, "Tsohuwar nan in ta rasu, wa zai yi rawar? Yaran da ke ƙirga taku?" Na ce masa wannan ba hujjar da za mu yanke mata hukunci da ita daga nan ba ce. Ya yarda. Amma ki sani, ya ce in fim ɗin ya fita ba ita, ba zai kai shi gaban kwamiti ba, Maryam ma ta ce ba za ta ba shi shawarar ya kai ba.

Mai haɗa hoto, wanda suke kira mai montaj, shi ya kawo mafita. Ana iya kunna rabin farko a allon tele, a kafa wata kamarar a gabansa ta ɗauki ƙasan allon kawai. Daga ƙwauri zuwa ƙasa. Babu fuska, babu kafaɗa, babu gashi, babu ko ɗaya daga matan da ke zaune, sai gefen ƙwarya. An gwada jiya a gabana. Hoton ya ɗan yi hatsi-hatsi, amma Rashida, ya fi na da. Ƙafafu biyu a kan rairayi, yatsu na kama ƙasa suna saki, dunduniya na zana rabin da'ira. Maryam ta ce yanzu ne rabin biyu suke magana da juna, don yaranki ma ƙafafunsu ne kaɗai suka fito sosai a ranar nan. Za a cire suna da unguwa. Za a rubuta "wani gari a gabas" kawai.

A ganina wannan ya rufa wa kowa asiri. Babu namijin da zai ce ya ga matarsa. Babu wanda zai ce ya ga A'i. Ke kuma ba ki rasa Wagadugu ba.

Matsalar lokaci ce. Ɗakin montaj na hannun Barmo ranar Laraba mai zuwa kawai, daga nan ya koma ga 'yan labaru. Na san amsarki da wuya ta riske ni kafin ranar. In ba ta zo ba, zan ce a yi na ƙafafun, domin in ba a yi komai ba, na farkon ne zai fita yadda yake, da fuskoki. Tsakanin biyun ban ga abin shakka ba.

Ki samu ki yi barci. Kada ki gaya wa tsohuwar komai tukuna, wataƙila ba za a bukata ba.

Zulai

*

Gure, Laraba 2 ga Nuwamba, 1994

Yaya Zulai,

Jikinmu lafiya. Ban san abin da zan ƙara a gaisuwa ba.

Wasiƙarki jiya da la'asar ta zo. Yau Laraba, ina rubutu ina sane da cewa wataƙila a wannan sa'ar kuna cikin ɗakin nan kuna yi. Kada a nuna ƙafafun. Gara a nuna fuskata ni kaɗai ba kallabi a gaban duk Gure.

Ke a matanite kika haihu, asibitin haihuwa, a kan gado, kina kallon fanka. Mu nan a durƙushe muke haihuwa. Ungozoma tana tsaye a gabanki, kin rungume gwiwoyinta, kanki a sunkuye. Daga hantsi har azahar ban ga komai a duniya ba sai ƙafafun Inna A'i. Zan iya zana miki su yanzu. Ƙaramin yatsan hagu ya hau kan na kusa da shi. Akwai farin tabo a bayan ta dama inda ƙayar dabino ta taɓa shiga. Zoben jan ƙarfe a babban yatsa, ya cinye ta gefe ɗaya. Lallenta ba ya wuce rabin tafi. Na ƙirga tsagar dunduniyarta ina kiran sunan Allah. Kowace macen da ta haihu a unguwar nan haka ta san su, ta fi sanin su da fuskar mijinta.

Kun yi lissafin maza. Gaskiya ne, namiji ba zai gane ba. To ai ba maza ke aika a kira ungozoma ba. Mace ɗaya mai sayar da gyaɗa ta ɗaga kai ta ga zoben nan a tele, ta san kaset ya je Yamai. Ba za ta ce an yanke sama ba. Za ta ce waɗanda suka yanke sun ga saman. Kuma gaskiyarta.

Ban bi shawararki ba, na je wurin Inna A'i da safen nan. Na same ta tana tsinkar zogale a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Maza nawa?"

Na ce uku, da mai haɗa hoto huɗu.

"Sun yi dariya?"

Na ce yayata ta ce babu wanda ya yi magana har aka gama.

Ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, "Ni wa zai ga kafaɗata ya kasa barci. Matan da na ce su yaye lulluɓi, su ne magana. Shekaranjiya Mairamu ta tambaye ni, abin nan mai ido na 'yarki yana ina. Na ce yana akwatinta ƙarƙashin gado. Har da rantsuwa."

Mairamu ita ce mai kaɗa babbar ƙwarya a fim ɗin, mai zane shuɗi. Tana sayar da kunu a bayan tele. Matar ɗanta, Hajara, cikin fari gare ta, watanta ya tsaya, suna zaune can cikin kwari wajen garka, inda ake noman rani. Ita ce haihuwa ta gaba a unguwar, kuma Mairamu ce za ta ce a kira wance.

Na ce, "Inna, ki zage ni."

Ta ce, "A'a, Madam. Ki gaida gida."

Tun da ta karɓi Indo ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai 'yata.

Ki janye fim ɗin duka, Yaya. Sama da ƙasa, nata da nawa. Ki rubuta da sunana, ki sa hannu a madadina, ki ce wa Barmo ya cike raminsa da abin da ya samu. Wagadugu a ba wani. Ki gaya wa Salisu ba da gangan ba ne, rana ce kawai, ban san mai kamara ne ke juya mata baya ba.

Ɗan Talata ba zai tashi ba sai Lahadi. Na ba Abatcha mai kai fatu, motarsu za ta fita da azahar, ya ce Asabar yana Yamai in Allah ya so. Na faɗa wa Aliyu daren jiya. Ya fita ya nemo mini Abatcha.

Rashida

*

Yamai, Talata 8 ga Nuwamba, 1994

Ƙanwata Rashida,

An janye fim ɗin. Ba za a nuna shi ranar Alhamis ba, ba kuma wata rana ba.

Muna lafiya. Allah ya sa ku ma haka.

Abatcha bai iso ba sai yau da hantsi. Motar fatun ta karye musu a bayan Birnin Ƙonni, suka kwana uku a bakin hanya. Ya zo biro, wurin aikina, da kansa ko wanka bai yi ba. Na karanta a tsaye, na wuce wurin Barmo. Na rubuta takardar janyewa a teburinsa, na sa hannu a madadinki. Ya kai ni ɗakin montaj, aka goge duka kwafi biyun a gabana, mai fuska da mai ƙafa, na sa aka kunna daga farko har ƙarshe don in tabbatar. Babu hoto ko ɗaya sai ruwan allo. Kokawar bara za a sa a gurbin. Sunanki ya fita daga jerin Wagadugu. Barmo ya ce in gaya miki bai ji haushi ba. Maryam da ta ji dalili ta ce ita ma a durƙushe uwarta ta haife ta, kuma ba ta tuna ba.

Saura abu ɗaya, kuma ba zan sassauta shi ba. Ranar Larabar da na ce a yi na ƙafafun, an yanki ɗan guntu daga ciki don tallar shirin, kamar yadda ake yi wa kowane shiri. Ban san da shi ba, ban kuma tambaya ba. An watsa shi daren jiya Litinin, sau ɗaya, ana gama labarun Hausa. Ina gida, na gani da idona. An fara da ke a kan tudu, sai ƙafafun, sai sunan shiri. Ƙafafun ba su fi numfashi biyu a allo ba. A lokacin na ji daɗin yadda suka fito. Yanzu da na karanta wasiƙarki na zauna na tuna abin da na gani: zoben ya fito, hasken rana ya buge shi. Tabon ban lura ba.

An goge tallar ita ma. Ba za a maimaita ba.

Abin da ban sani ba shi ne ko telen gidan samari tana kunne jiya, da kuma wanda ke wurin. Ki bincika ba tare da kin tambaya ba, in hakan zai yiwu. Asalin kaset yana nan a kulle. Ki faɗi abin da za a yi da shi, ko ki tambayi mai shi. In zuwana Gure zai yi amfani, in durƙusa a gabanta da kaina, ki ce in zo, zan nemi izini a wurin aiki.

Abatcha zai juya gobe da asuba a motar fasinja, na biya masa.

Yayarki,
Zulai

*

Gure, Asabar 12 ga Nuwamba, 1994

Yaya,

Saƙonki ya iso jiya. Muna lafiya, haƙorin Indo ya fito. Na gode da abin da kika yi. Kada ki zo yanzu, baƙuwa daga Yamai a ƙofar Inna A'i ita kanta magana ce.

Telen tana kunne ranar Litinin. Ba na wurin. Ɗalibaina ne suka tare ni washegari da murna, wai sun gan ni a kan tudu. Ranar Alhamis suka cika fili suna jira, aka nuna musu kokawa, jiya suna ta tambayata. Na ce an ɗage.

Mairamu tana wurin ranar Litinin. Mai gadin gidan samari ya ce ta tashi da wuri, ta rufe robar kununta da saura a ciki, abin da ba ta saba ba. Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce ciwon kai ne ya tashe ta, tun rana take kuka da shi. Na haɗu da ita a kasuwa ranar Laraba. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi Indo, ta wuce. Ban iya karanta komai a fuskarta ba. Babu macen da ta ce mini uffan, kuma ban san ko shirun na rashin sani ba ne.

Na kai wa Inna A'i labarin janyewar da na tallar. Na tambaye ta kaset. Ta ce a dawo da shi a hannun mace, a sa a akwatina ƙarƙashin gado, inda ta ce yake. Ki nemi wadda za ta taho.

Naƙudar Hajara ta tashi yau da hantsi. Aliyu ya dawo daga garka ya ce ya ga mijinta ya ɗaura amalanke ya fito daga kwari shi kaɗai, yana korar jakin, ya nufo gari. In ungozoma aka aike shi ɗaukowa, hanyar ke nan. In malamar likita ce, ita ce dai hanyar, sai a bakin rijiya take rabuwa. Aliyu bai tsaya ya ga inda ya karkata ba.

Ɗan Talata yana ƙofa yana danna oda, zan rufe. Na aiki Aliyu ya koma bakin rijiya. Har yanzu bai dawo ba.

Ƙanwarki,
Rashida